Mitar Gidan Yaya

Asabar, da hantsi

An cire wa Mama bandeji. Likita ya ce aikin idon ya yi kyau, sai dai kada ta kalli haske, kada ta sunkuya, kada ta yi kuka. Na ukun nan ya faɗe shi ne kamar mai hana ta shan ruwan sanyi. Matar Yaya ta ce to, za a kiyaye. Ita ta rako Mama daga garinmu zuwa nan birni da 'yar jaka ɗaya, a kan da an gama za su juya. Ranar Alhamis aka rufe hanyar garin.

Wayar Yaya ba ta shiga. Ba tasa kaɗai ba, ta kowa a garin.

Ni ba mai rubutu ba ce. Hannuna ne yake neman abin yi.

Lahadi, da yamma

Masu dubiya sun cika mana ɗaki. Su yi wa Mama sannu da ido a gurguje, sannan su gyara zama su fara abin da ya kawo su. Kowa da abin da ya ji, ba wanda ya gani da idonsa. Wata ta buɗe baki za ta ba da nata, matar Yaya ta miƙa mata kofi ta ce sha ruwa Hajiya, kin sha hanya. Da suka tafi na wanke kofuna. Ina cikin yi na lura ashe na riga na wanke su, amma na ƙarasa.

Litinin, bayan an tashi aiki

Na je ofis, don in na zauna a gida kallon juna za mu yi ta yi.

Kamfaninmu yana kafa ƙananan tashoshin sola a garuruwan da babbar wuta ba ta kai ba. Kowane gida da mitarsa, kowace mita tana turo abin da gidan ya sha na wuta zuwa kwamfutarmu, ni kuma in zauna gaban allo in duba inda aka samu matsala. A dangi cewa ake aikina kallon talabijin ne da albashi. Yaya ne ya fara faɗa, abin ya bi ni. Garinmu yana cikin garuruwan. Doka ce ba a buɗe mitar gida ɗaya a leƙa sai da dalili, domin a layin da mitar take zanawa a allo za ka san lokacin da mutum yake tashi da lokacin da yake kwanciya. Har hannu muka sa a kan haka. Yau na buɗe ta gidan Yaya.

Layin yana nan. Da safe ya ɗan ɗaga, da hantsi ya fara hawa da sauka kamar haƙoran zarto, wanda duk mai aikinmu ya san keken ɗinki ne, a taka a saki, a taka a saki. Alhamis haka, Juma'a haka, har yau. Na ce a raina ai akwatin da ke tasharmu yana da doguwar eriya, yakan kamo sabis daga nesa inda wayar hannu ba ta samu. Na jima a zaune. Ba zan ce na yi murna ba. Ina nan dai har mai shara ta zo ta ce in ɗaga mata ƙafafuna.

Da na dawo na durƙusa kusa da Mama na gaya mata.

"Ɗinki yake yi?"

"Ɗinki yake yi, Mama."

Ta ce wannan yaro ko ƙasa na tsagewa sai ya ƙarasa wuyan riga. Ta sa aka kawo mata abinci, ta ci sosai.

Talata, da rana

Ya kunna keken. Na kira gida na faɗa.

Laraba, da yamma

Magana ta fita, ban san ta bakin wa ba. Mutanen garinmu da ke nan birni sun fara tsare ni a ƙofar gida kafin in tafi aiki. Tsohon mai niƙa ya zo da hularsa a hannu. Ɗansa ne yake riƙe da injin yanzu, shi ciwon ƙafa ya zaunar da shi wajen 'yarsa a nan. Nasa ba wahalar nema, injin niƙa ba ya ɓuya a allo, in aka tayar da shi layin miƙewa yake tsaye. Na kira shi daga ofis na ce injin yana aiki. Ya yi ta sa min albarka har na rasa inda zan sa kaina.

Na sauran ne aiki. Ranar da aka sa mitocin, rabi an shigar da su da sunan mai gida, rabi da laƙabi, wasu kuma da kwatance. Gidan kusa da rijiya kaɗai mun yi uku. Wata ta ce in duba mata gidan ƙanwarta da ke kusa da rijiyar, na buɗe ukun duka, na ga duk da wuta, na ce mata lafiya lau.

A taron safe Oga sai fara'a yake. Rahoton wata ya fito ba giɓi ko ɗaya, masu ba mu tallafi kuwa ba sa son ganin rami a zane. Wani ya ce har garin da aka rufe wa hanya? Oga ya ce har shi. Injiniya ba ya nan, yana wata tashar da inbata ta ƙone. Aka wuce zuwa maganar man mota.

Alhamis, da safe

Alhamis ta zagayo. Ya kunna.

Juma'a, bayan la'asar

Matar Yaya ta matsa sai ta gani da idonta, don haka na ɗauko hoton allon a wayata. Muka zauna a bakin gado a ɗakin ciki. Ta ce to 'yar kwamfuta, karanta min mijina. Na nuna mata fitila, na nuna mata keke, na nuna mata inda yake tsayawa ya ci abinci. Tana ta murmushi tana cewa shi ne, shi ne. Sai ta sa yatsa a kan wasu ƙananan tudu da suke ta maimaituwa a ƙasa, dare da rana, ta ce waɗannan fa? Na ce firiza ce, haka take, ta kama ta saki.

Ta tashi ta ɗauko jakarta, ta zuge ƙaramin zif ɗin ciki, ta fito da makulli ta ajiye a kan cinyata.

"Firizata ni na kwashe ta na wanke, na zare ta daga soket, na kulle ɗakin. Makullin ɗaya ne."

Na ce ƙila ya ɓalle kwaɗon. Ta ce yayan naki? Mutumin da ko ashana yake nema sai ya tsaya a ƙofa ya kira ni? Muka yi 'yar dariya, ta mutu a hanya. Mama ta ɗaga murya daga falo tana tambayar me ake yi wa dariya ba a sa ta ba. Muka ce ba komai.

Makullin yana wajena har yanzu. Ba ta karɓa ba, ban miƙa ba.

Asabar, da rana

Na yi wanki. Na yi guga. Na goge har abin da ba a gogewa.

Lahadi, da yamma

Ba aiki yau, amma Mama ta tambaya. Na ce sai gobe, allon yana ofis. Ta ce haka ne, shi ma ya huta.

Litinin, da azahar

Injiniya ya dawo, hannunsa ɗaya da filasta. Na same shi a ɗakin ajiya yana cin biskit a tsaye a kan kwalin batir. Na ce ya zo ya duba min wata mita, akwai firiza da take aiki bayan an zare ta. Ya zo yana taune-taune, ya kalli saman allon inda sunan garin yake, bai ma kalli layin ba.

"Malama, ai garin nan tun ranar da aka rufe hanya ba abin da ya shigo mana. Turken sabis ɗin ba ya aiki. Wannan da kike gani cike gurbi ne."

Na san cike gurbi. In bayani ya yanke, manhajar takan ɗebo na makonnin baya ta cakuɗa ta shimfiɗa a wurin, don kada lissafin tasha ya rikice. Amma da ɗigo-ɗigo take zana shi, kowa ya gani ya san ƙiyasi ne. Na gaya masa haka. Ya ce da kenan. Da aka sabunta manhajar watan jiya an cire ɗigon, saboda masu tallafi sun yi ƙorafi zanenmu kamar ɓera ya ci. Yanzu na gaske da na ƙiyasi launi ɗaya, kauri ɗaya. Ya ɗauka an gaya mana. Ba wanda aka gaya wa a ɗakinmu.

Wato abin da na yi ta kallo Yaya ne na watan jiya, lokacin da matarsa tana gida, firiza tana aiki, Mama tana tsakar gida tana yi masa faɗan ya tashi ya miƙe baya.

Sai a nan Injiniya ya kalle ni sosai, ya daina tauna. Ya ce subhanallahi, ke ai 'yar can ce ko? Na ce e. Ya ce in yi haƙuri, mitocin ba sa mantuwa, kowace tana ajiye na gaskiyar a cikinta muddin tashar tana da wuta, ranar da sabis ya dawo za su turo duka. Ya miƙo min sauran biskit ɗin. Na karɓa na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Litinin, da magariba

"Ya kunna, Auta?"

"Ya kunna."

Matar Yaya tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba.

Talata, da safe

Na fita ta ƙofar baya. Na hango hular tsohon mai niƙa a bakin titi.

Laraba, bayan an tashi aiki

Na shiga wajen Oga na ce a mayar da ɗigon. Na yi zaton zan ɗaga murya, na ma shirya abin da zan faɗa tun a mota, amma da na shiga sai maganar ta fito a kwance kamar ina neman izinin zuwa asibiti. Ba mugun mutum ba ne. Ya cire gilashi ya murza ido, ya ce manhajar ba tamu ba ce, ta wani kamfani ce a ƙasar waje, mu haya muke yi, ko launi ba mu da ikon canzawa. Ya rubuta musu a gabana. Kafin in tashi amsa ta zo, na'ura ce ta rubuta, tana gode mana da tuntuɓa, tana tambaya ko mun gamsu da hidimarsu, mu zaɓi fuska mai dariya ko mai ɓacin rai.

Ya ce rahoton fa ya riga ya tafi. Na ce na sani.

A rahoton nan garinmu ya fi kowane gari shan wuta a kan tsari. Har yabo aka yi masa.

Alhamis, da rana

Na buɗe mitar. Na san ƙarya ce, na buɗe. Na zauna na kalli keken yana hawa yana sauka har lokacin cin abinci, ya tsaya, ni ma na tashi na je na ci nawa.

Juma'a, da yamma

Wasu daga garinmu sun iso da ƙafa. An sauke su a makarantar firamare ta bayan kasuwa. Matar Yaya ta tafi tun safe, ta ce wa Mama za ta je sayen maganin ɗigawa a ido. Ta dawo da maganin, ta ɗiga mata, ta gyara mata matashi, sannan ta ja ni bayan gida wajen igiyar shanya.

Wata ta ce ta gan shi yana rufe shago. Wani ya ce a'a, tare suka fito har bakin gada, sai ya ce ya yi mantuwa ya koma. Wani kuma ya ce ai tela tun da rana ya bar garin a bayan babur. Duk cikinsu ba wanda ya yarda ya rantse. Da ta ƙara tambaya sai suka fara kallon ƙasa, ita ma ta bari.

Ta ce ba su da tabarma, gobe za ta kai musu tamu ta falo. Na ce to. Muka kwashe shanya, ko bushewa ba ta yi ba.

Asabar, da hantsi

Idon Mama yana washewa. Yau ta ce min ashe na rame, ta ce wa matar Yaya ashe zanen nan kore ne, ita duk zatonta baƙi ne. Sai ta ce a nuna mata abin nan da nake gani. Na ce likita ya hana haske. Ta ce likita ba a cikinsa ta zauna ba, in kawo.

Na rage hasken wayar na ba ta tsohon hoton. Ta riƙe shi a juye, ban gyara mata ba. Ta bi layin da yatsa a hankali tun daga wannan gefe har wancan, ta ce wannan ne shi? Na ce shi ne. Ta ce ikon Allah, mutum guda a zare ɗaya. Ta jima tana kallo kafin ta ba ni.

Ban ji kunya ba. Na jira in ji, ba ta zo ba.

Lahadi

Ba komai.

Litinin, da yamma

Masu tsare ni a ƙofa na ce musu an hana mu dubawa yanzu, doka ta yi tsanani. Wata ta ce da can da kika duba wa wasu ba doka? Ta ce dama in mutum ya samu wuri sai ya manta inda ya fito. Na ce ta yi haƙuri. Tsohon mai niƙa ya ce dai Allah ya yi min albarka, na farkon ma ya ishe shi kwanciyar hankali.

Ya kunna, na ce wa Mama.

Talata, da safe

Matar Yaya ta ce min a kicin, murya ƙasa-ƙasa, har yaushe? Na ce ban sani ba. Ta ce ita ta gaji da yin fara'a, kumatunta ciwo suke. Na ce to ki gaya mata ke. Ta ce uwarki ce. Ruwan shayi ya tafasa ya zube a kan risho, muna tsaye muna kallonsa.

Laraba, da azahar

Sabis ya dawo. Ba turken garin aka gyara ba, na wani gari ne can gefe, eriyarmu take ɗan kamo shi, ya zo ya ɗauke. Injiniya ne ya leƙo ya ce Malama, sun fara shigowa. Ya tsaya a bayan kujerata, daga baya ya ga gara ya ba ni wuri.

Mitocinmu iri biyu ne, don ba lokaci ɗaya aka saye su ba, kuma ba sa jin yaren juna. Sababbin suna turowa da sauri. Tsofaffin sai an bi ta wata manhajar an juya bayanin, ɗaya bayan ɗaya. Ta Yaya tsohuwa ce, yana cikin waɗanda suka fara karɓar wuta a garin.

Na zauna na ga garin yana kwantawa. Gida ya shigo, layin ƙiyasin ya goge, na gaske ya hau wurinsa, ya tafi daidai har yammacin Alhamis ɗin nan, daga nan ya faɗi ƙasa ya miƙe. Wani gidan ya shigo, haka. Mai cajin waya haka. Mai walda haka. Gidan kusa da rijiya, duka ukun. Injin niƙa ya tsaya tun kafin la'asar a ranar, bai sake tashi ba.

Ba duka ba. Famfon burtsatse yana tashi kullum da safe, wani yana kunna shi yana kashewa. Firijin ƙaramin asibiti yana aiki. Akwai gidaje kaɗan a gefen gabas da ake kunna fitila a kashe. Da mutane a garin kenan, ban san su wa ba.

Na kira lambar Yaya. A kashe.

Har aka tashi tasa ba ta shigo ba.

Alhamis, da hantsi

Ta shigo.

Ranar ya yi ɗinki tun safe. Ya tsaya ya ci abinci, ya koma. Da yamma ya kunna fitila, layin ya ɗan ɗaga, keken yana tafiya a kai. Sai keken ya tsaya. Ba irin tsayawar tashi daga aiki ba, wadda yakan yi 'yan take-take na ƙarshe. Yana sama ya yanke.

Fitilar ba ta mutu ba. Ƙwai ɗaya ne, na san girman abin da yake ci. Layinsa siriri, a miƙe, daga yammacin nan har zuwa safiyar yau, dare da rana, bai ɗaga ba bai sauka ba.

Na rufe na buɗe ta wani gari, na yi aikin da aka ɗauke ni in yi. Akwai mitar da take nuna gida ya sha wutar da ta fi ta tashar gaba ɗaya. Na tura wa Injiniya.

Alhamis, bayan la'asar

An kira taro. Batiran tashar suna ja baya, ba mai goge farantan solar, ba mai duba komai, kuma gidaje da yawa an bar abubuwa a kunne, fanka, talabijin, fitilu. Injiniya ya ce in aka bari haka tashar za ta mutu gaba ɗaya, famfo da firijin asibiti su tafi da ita. Oga ya ce a yanke wa duk gidan da ba kowa, daga nan. Wani ya ce ta yaya za a san ba kowa? Injiniya ya ce duk mitar da layinta bai motsa ba tun ranar. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Aikina ne. Ba sai an bi gida-gida ba, manhajar tana tace su ta tara a wuri ɗaya, a danna sau ɗaya. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna e.

A hanyar gida na biya wajen tsohon mai niƙa. Yana zaune a dakali ya miƙe ƙafar. Na durƙusa na gaya masa abin da na faɗa masa kwanaki ba daidai ba ne, kwamfuta ce ta cike da na baya, injin bai tashi ba tun ranar. Ya ce to. Ya ce amma famfo yana aiki kika ce? Na ce yana yi. Ya ce ɗan nasa ya iya tayar da famfon, ya sha taimaka musu. Na ce haka ne, Baba. Ya ce in gaida mahaifiyata.

Alhamis, da magariba

Mama tana kan tabarmar salla, ta idar ba ta tashi ba. Matar Yaya tana bakin ƙofa. Na ajiye jaka na zauna a ƙasa.

"Ya kunna, Auta?"

Bakina ya riga ya saba, har ya buɗe. Sai na ji ina cewa Mama, keken ba ya aiki. Na ce tun ranar da aka rufe hanya bai yi ba. Na ce abin da na yi ta gaya miki ba shi ba ne, na'ura ce take maimaita kwanakin baya, da farko ban sani ba, daga baya na sani. Na faɗa duka a jere kamar ina karanta rahoto. Na ce abin da aka samu na gaskiya fitila ce guda ɗaya, a kunne tun yammacin ranar, ba a kashe ta ba.

Ta tambaya ta wane ɗaki. Na ce mita ba ta faɗar ɗaki.

Ta jima tana murza bakin tabarmar. Ta ce tun yana ƙarami in zai fita daga ɗaki sai ya kashe fitila, ko da mutum a ciki, sau nawa yana barinta a duhu tana ƙwala masa kira. Ta faɗa ba tare da ta kalli kowa ba. Matar Yaya ta tashi ta shiga ciki ta turo ƙofa.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Ku da kuke da iko da wutar nan, kada ku kashe masa. In ya dawo da duhu ya ga ƙofa."

Na ce to.

Juma'a, da sassafe

Na riga mai gadi zuwa ofis, na jira shi a waje. Na ciro mitar Yaya daga cikin waɗanda na yanke jiya. Ina cikin yi Injiniya ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya ga abin da ke allon. Ya ce ƙwai ɗaya ba zai kashe batir ba, ya wuce ɗakin ajiya.

Na danna a mayar da wuta. Sabis ɗin yana ta zuwa yana ɗaukewa, ɗan da'irar yana ta juyawa a tsakiyar allo. Ina zaune ina roƙon Allah kada layin ya tashi. In bai tashi ba, to wani ya shiga ɗakin tsakanin jiya da yau, ya ga ba wuta, ya taɓa makunnin. Abin da nake so kenan, ban taɓa son wani abu haka ba.

Ya tashi. Siriri, daidai inda yake jiya.

Juma'a, da magariba

Na tarar da ita a bakin ƙofa a kan kujera, ta sa an fito mata da ita. Tun daga nesa ta gane ni, idon ya warke sosai. Ba ta bari na ajiye jaka ba.

"Tana kunne?"

"Tana kunne, Mama."

Ta ce to. Ta ce in kama ta mu shiga ciki.